Mai Karatun Ruwa

A Candfur, inda Meghna ke haɗiye Padma,
ruwa biyu su gauraya, ɗaya ja, ɗaya toka-toka,
nan na fara aiki a hannun Torab Ali,
tsoho mai haƙora bakwai da carbin katako,
wanda ya shekara arba'in da ɗaya a kan ruwa.

Na zo da takarda mai hatimi daga Dhaka
da na'urar auna zurfi a cikin akwati.
Ya dube ni, ya dubi akwatin,
ya tofar da jan yawun ganyen da yake tauna,
ya ce, "Kafa ta can kusa da butar shayi,
kai kuma zo nan, zauna, kalli ruwa."

Wata uku ban taɓa sitiyari ba.
Kallo kawai, har na fara ƙunƙuni.
Shi kuwa da haɓa yake nuni:
"Ga can, inda fuskar kogi ta yamutse
kamar goshin uwa da ta ji ƙaryar ɗanta,
yashi ne ya kwanta jiya da dare.
Inda ta yi sumul kamar an shafa mata mai,
kada ka amince, rami ne ke juyawa."

Ran da ba na mantawa, damina ta tsaya,
muna ɗauke da buhun shinkafa dubu biyu
da mata 'yan kasuwa da kwandunan kifi.
Na'ura ta ce gaba shida, hanya lafiya.
Taswira ta ce haka. Ni ma na ce haka.
Torab Ali ya cire takalmi, ya taka katakon jirgi,
ya yi tsit kamar mai jin kiran salla daga nesa,
sai ya murɗa hagu, ya bar hanyar kowa.
Jirgin Kanailal da ke bayanmu bai murɗa ba.
Kwana tara ya yi a kafe, kayansa na ruɓewa.

Na ce, "Baba, ta yaya ka sani?"
Ya ce, "Injin ya sake murya."
Na ce ni ban ji komai ba.
Ya ce, "Kunnenka bai biya kuɗin makaranta ba tukuna.
Sau uku na kafe jirgi kafin furfura ta same ni.
Na farko, mai jirgin ya mare ni gaban surukina.
Na biyu, saniyar uwata na sayar na biya.
Na uku," sai ya kalli gaɓa.
Bai ƙarasa ba, ban sake tambaya ba.
Na dai lura duk muka iso wannan kwanar
yakan daina tauna, leɓensa na motsawa.

Da idonsa ya fara hazo, bai ji kunya ba,
ni ke karanta masa lambobin na'ura,
shi ya gaya mini wadda za ta zama ƙarya
nan da jifa biyu.
Yau da gobe ke sa allura ta gina rijiya,
ni na ga rijiyar, na sha, kafin a rufe ta.
Mun kai shi makwanci cikin watan ambaliya,
kabarin ma sai da aka kwarfe masa ruwa.

Yanzu shekarata ashirin da shida a nan.
Sau biyu na kafe jirgi. Ina tsoron na uku.
Jiya wani yaro, Ripon, sabon zuwa,
mai wayar da ta san sunan kowane tsibiri,
ya ga na murɗa ba dalili, ya ce, "Ta yaya?"
Na buɗe baki in ba shi abin da na tara,
na laluba, ban sami ko kalma ɗaya ba.
Tafin ƙafata ne ya sani,
shi kuwa bai iya magana ba.
Na tsiyaya masa shayi, na matsa masa a benci.
Har muka wuce kwanar babu mai cewa uffan,
sai leɓena da na ji yana motsawa.